Tsohon Laifi da Sukar Mai Shaida a Kotu: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya saba zaman benci a kotunan Sakkwato ya san lokacin da ɗaki kan yi tsit. Mai shaida ya gama faɗin abin da idonsa ya gani, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe, ya ɗan juya takardu, maimakon ya tambayi iyakar gonar da ake rigima a kanta sai ka ji ya ce: "Malam, ba kai ne aka taɓa ɗaurewa ba?" Shi ke nan an bar zancen gona an koma kan mutum. Na taɓa jin wani dattijo ya amsa da cewa, "Ranka shi daɗe, wancan ya wuce tun ina sarmayi, yau abin da nig gani shi niz zaka in hwaɗi." An yi dariya, amma har aka tashi daga zaman bai ƙara ɗaga kai ba.

Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan batu, da kuma a kan kiran da ake yi na a gyara tsarin.

Wai da gaske lauya na da hurumin tono mini tsohon laifi don kawai na zo ba da shaida?

Yana da shi, a kotun majistare da babbar kotu. Dokar Shaida ta 2011, wadda ke aiki a faɗin Najeriya, ta ce a sashe na 223 ana iya yi wa mai shaida tambayoyi don a gwada gaskiyarsa, a san ko shi wane ne, har ma a girgiza amincinsa ta hanyar taɓa mutuncinsa. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe tsohon laifi ke shigowa.

A ƙa'ida, idan tambaya ta shafi halin mai shaida ne kawai, ba ainihin abin da ake shari'a a kai ba, amsar da lauya ya samu ita zai riƙe. Ba zai je ya ɗebo wasu mutane su ƙaryata ta ba, don kada shari'a ɗaya ta haifi goma. Amma dokar ta yi togaciya: in an tambaye ka ko kotu ta taɓa samun ka da laifi, ka musa, ana iya kawo takardar hukuncin a aza gaban alƙali.

Sai dai ba a sakar wa lauya linzami gaba ɗaya ba. Sashe na 224 ya ba alƙali ikon auna tambayar. Idan abin da ake tonowa ya daɗe ƙwarai, ko bai da wata alaƙa da faɗin gaskiya, ko girman tozarcin ya fi ƙarfin shaidar da mutum ya zo bayarwa, tambayar ba ta dace ba, kuma alƙali na iya gaya wa mai shaida cewa ba dole ne ya amsa ba. Akwai kuma sassan da suka hana tambayar cin mutunci da tambayar da ba ta da tushe. Matsalar ita ce ana auna tambayar ne bayan ta riga ta fita daga baki, kowa a ɗakin ya ji.

Daga ina aka samo wannan tsari?

Daga Ingila. A da can, wanda aka samu da babban laifi ko laifin ha'inci ba ya ma shiga akwatin shaida. Ana ɗaukar rantsuwarsa ba ta da daraja. A 1843 aka soke wannan hani, aka ce kowa ya zo ya faɗi nasa. A 1865 wata doka ta ba da damar a tambayi mai shaida tsohon hukuncinsa, a kuma tabbatar da shi idan ya musa. Wato an buɗe masa ƙofa, amma an rataya masa allo a wuya. Shi kuwa wanda ake tuhuma sai a 1898 aka yarda ya yi rantsuwa ya ba da shaida don kare kansa.

Turawan mulkin mallaka suka kawo mana wannan gado a dokar shaida da ta fara aiki a 1945, wadda aka gina a kan rubuce-rubucen wani masanin shari'a ɗan Ingila, James Fitzjames Stephen. Da aka sabunta dokar a 2011, waɗannan sassa sun tsallako kusan yadda suke.

To mene ne aibin abin? Ai Bahaushe ya ce hali zanen dutse.

Ya ce, amma bai ce duk hali ɗaya ne ba. Abin da kotu ke son sani game da mai shaida guda ne: shin wannan mutum zai yi ƙarya bayan ya yi rantsuwa? A ce wani ɗan kabu-kabu a Mabera ya yi faɗa da abokin sana'arsa shekara goma sha biyar da suka wuce, ya ji masa rauni, aka ɗaure shi wata shida. Wannan ya nuna yana da zafin zuciya a lokacin. Me ya nuna game da ko ya ga motar da ta buge yaro jiya a bakin titi? Mai zafin zuciya na iya zama wanda bai iya ƙarya ba sam, kamar yadda mai sanyin murya da tasbaha a hannu ke iya shirga ta.

Abu na biyu ya fi damuna. Takardar hukunci ba ta nuna duk masu laifi, tana nuna waɗanda aka kama ne, a cikinsu ma waɗanda ba su da ƙafa. Kowa ya san yadda ake yi a ƙananan kotuna: an kwaso samari a samame, babu lauya, babu mai tsaya musu beli. An ce wa yaro, ka amsa laifi a ci ka tara ka koma gida yau, ko ka musa ka tafi gidan yari jiran shari'a. Shi kuma ya san jiran ba shi da rana, tunda kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Sai ya amsa. Ɗan mai hali da aka kama tare da shi tun a ofishin 'yan sanda aka kashe maganarsa. Bayan shekara goma su biyun suka zo shaida a kotu ɗaya: ɗaya "tsohon mai laifi", ɗaya "mutumin kirki".

Na uku kuwa asarar ta jama'a ce. Wanda ya san za a tona masa asiri gaban surukansa da 'ya'yansa, gara ya ce bai ga komai ba. Alhali laifi ba a cika yin sa gaban liman da hakimi ba. Wanda ya ga yadda aka yi cinikin shanun sata a kara, ko wanda ya ji abin da aka ƙulla a tasha da tsakar dare, sau da yawa shi ma yana da ɗan tabonsa.

Idan ni ne ake tuhuma fa? Za a karanta wa alƙali tsofaffin laifuffukana?

A nan doka ta fi ba ka kariya. Sashe na 82 ya ce munin halin wanda ake tuhuma ba hujja ba ne a shari'ar laifi, sai a wasu 'yan wurare. Sashe na 180 kuma ya ce idan ka zaɓi ka ba da shaida don kare kanka, ba za a tambaye ka wani laifi na daban da ka taɓa yi ba. Shi ya sa a al'ada sai bayan an samu mutum da laifi ne mai gabatar da ƙara ke faɗin ko yana da tarihi, don alƙali ya san nauyin hukuncin da zai yanke.

Garkuwar nan tana faɗuwa ta hanya uku. Idan tsohon laifin da kansa hujja ne a kan tuhumar yanzu. Idan ka yabi kanka da halin kirki, ko ka soki mutuncin mai ƙara da shaidunsa. Ko idan ka ba da shaida a kan wanda ake tuhumarku tare.

Ta tsakiyar ita ce tarko. Yabon kai dai kowa ya gane: wanda ya ce shi tsarkakakke ne ya jawo a bincika. Amma ka ɗauki mutumin da kariyarsa gaba ɗaya ita ce an ƙulla masa sharri, an jefa masa abu a aljihu, ko an tilasta masa sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Ba yadda zai faɗi haka ba tare da ya taɓa mutuncin shaidun gwamnati ba. Kotuna sun daɗe suna cewa musa tuhuma kawai, ko da da kakkausar murya ne, ba ya kayar da garkuwa. Sai dai tsakanin "ban yi ba" da "sharri suka yi mini" tazarar siririya ce, kuma talakan da ba shi da lauya bai san da ita ba. Ya yi shiru a ce ba shi da amsa, ya yi magana a buɗe tsohon littafinsa. Gaba kura, baya siyaki.

A kotun shari'ar Musulunci ma haka abin yake?

Hanyar daban ce. Dokar Shaida da kanta ta ce ba ta ɗaure kotunan shari'ar Musulunci a ƙararrakin da ba na laifi ba, kuma alƙalanmu da fiƙihun Malikiyya suke aiki, daga Risala da Muhtasar da Tuhfa, littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun kafin zuwan Turawa.

A fiƙihu ba a jira sai mutum ya gama magana sannan a soke shi. Tun a bakin ƙofa ake tambayar adalcinsa. Alƙur'ani ya ce a kafa shaidu biyu adilai, ya kuma ce daga waɗanda kuka yarda da su. Adali, kamar yadda mai Tuhfa ya siffanta shi, shi ne mai nisantar manyan zunubai, mai kiyaye ƙanana a galibin hali, mai gudun abin da ke zubar da mutunci ko da halal ne. In alƙali bai san mai shaida ba sai a nemi tazkiyya, wato waɗanda suka san shi su tabbatar da cewa adali ne yardajje. Kafin a yanke hukunci kuma akwai izari: alƙali ya juya ga wanda aka yi shaida a kansa ya ce, kana da suka? Idan yana da ita ya kawo hujja, wannan shi ne tajrihi. Risala ta ce mutum ɗaya bai isa ba, a tazkiyya ko a tajrihi.

Kada a yi zaton wannan ya fi sauƙi. Ta wata fuska ya fi tsanani, don ana iya mayar da shaidar mutumin da kotu ba ta taɓa kama shi da komai ba, saboda an san shi da caca ko wasa da salla. Amma ka lura da inda ido yake: halin mutum na yau ake dubawa, a bakin waɗanda ke zaune da shi yau. Takardar shekara ashirin ba ita ke magana ba.

Wanda aka yi wa haddi ya tuba, ana karɓar shaidarsa?

A nan ne fiƙihu ya riga masu neman gyara isa wurin da ɗaruruwan shekaru. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce masu ƙazafin da ba su kawo shaidu huɗu ba a yi musu bulala tamanin, kada a ƙara karɓar shaidarsu har abada. Aya ta 5 ta biyo da cewa sai waɗanda suka tuba bayan haka suka gyara. Imamu Abu Hanifa ya ce tubar tana cire sunan fasiƙanci, amma shaida ba ta dawowa. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad suka ce tana dawowa. Suna da madogara a aikin Sayyidina Umar, wanda ya yi wa mutum uku haddin ƙazafi sannan ya ce duk wanda ya tuba zai karɓi shaidarsa. Buhari ya kawo wannan.

Malikiyya suka ƙara wata ƙa'ida mai zurfi. Wanda aka yi wa haddi ya tuba, ana karɓar shaidarsa a komai, ban da irin laifin da aka yi masa haddi a kai. Dalilinsu shi ne zuciyar ɗan Adam: wanda ya sha kunyar wani abu yana iya son ganin wani ya sha irinta, don ya samu abokin tarayya. Ko ka yarda da wannan dalili ko ba ka yarda ba, ka ga yadda suke tunani. Suna neman alaƙa ta musamman tsakanin tsohon laifin da shaidar yau. Ba su ce tunda ya taɓa faɗuwa bakinsa ya mutu ba.

Ko fasiƙi ma, ayar Suratul Hujurat cewa ta yi in ya zo da labari a bincika.

Mai shaidar zur fa?

Wannan kam kowa ya haɗu a kansa. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta ambaci wanda aka jarraba da shaidar zur cikin waɗanda ba a ɗauka adilai ba, kuma malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan ko tubarsa ma tana dawo masa da shaida. Masu neman gyara a yau su ma, in ban da 'yan kaɗan, ba su ce a ɓoye irin wannan ba. Wanda ya taɓa dafa Alƙur'ani ya yi ƙarya, alƙali na da haƙƙin ya sani.

Ana ta ambaton Amurka a wannan muhawara. Me ke faruwa can?

Can ne abin ya fi ƙamari, shi ya sa hayaniyar ta fi yawa. Ƙa'idojin shaida na kotunan tarayyar Amurka sun fara aiki a 1975, kuma ƙa'ida ta 609 ce ke magana a kan wannan. Ta raba laifuffuka gida biyu. Laifin da ya ƙunshi ƙarya ko yaudara, dole a bari a ambace shi, alƙali ba shi da zaɓi. Babban laifi kuma, wanda hukuncinsa ya kai kisa ko ɗaurin fiye da shekara ɗaya, ana iya ambatonsa bayan alƙali ya auna amfaninsa da cutarwarsa. Idan shekara 10 ta wuce daga hukuncin ko daga fitowa kurkuku, shigar da shi na da wuya ƙwarai.

Babban bambancinsu da mu shi ne wanda ake tuhuma ba shi da irin garkuwarmu ta sashe na 180. Da zarar ya shiga akwatin shaida, tsohon laifinsa na iya biyo shi. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Luce, ta ce wanda ya fasa ba da shaida saboda alƙali ya yarda a ambaci tarihinsa ba zai iya ɗaukaka ƙara a kan wannan ba. Sai ya shiga akwatin an soke shi tukuna. Wani malamin shari'a a Jami'ar Cornell, John Blume, ya bi diddigin mutanen da aka ɗaure bisa kuskure daga baya aka wanke su, ya tarar cewa mafi yawan waɗanda suka ƙi ba da shaida a shari'arsu suna da tsohon laifi. Mutane ne marasa laifi da tsoron tonon asiri ya rufe wa baki. Ga kuma batun launin fata: baƙaƙe sun fi shiga hannun 'yan sanda, don haka su ƙa'idar ta fi cizo.

Wasu jihohinsu sun riga sun bi wata hanya. Kotun Ƙolin Hawai ta hana amfani da tsohon laifi wajen sukar wanda ake tuhuma tun 1971. Montana ta hana amfani da tsohon hukunci wajen sukar kowane mai shaida. Kansas ta taƙaita shi ga laifuffukan rashin gaskiya. Ba a ji shari'a ta tsaya a waɗannan wurare ba.

Ita Ingilar da ta ba mu dokar, tana nan a kanta?

Ta sauya. Tun dokarta ta 2003, kafin a tono munin halin mai shaidar da ba shi ake tuhuma ba sai an nemi izinin alƙali, sai kuma an nuna abin yana da nauyi na gaske a shari'ar, in ba ɓangarorin ne suka amince ba. A 2005 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta can ta ce rashin amana daban, ɗabi'ar ƙarya daban: ɓarawon da ya amsa laifinsa nan take bai nuna shi maƙaryaci ba ne. Suna kuma da doka tun 1974 da ke ɗaukar wasu hukunce-hukunce a matsayin sun shuɗe bayan wani lokaci. Sai dai a faɗi gaskiya, dokar 2003 ɗin ta faɗaɗa hanyoyin kawo tarihin wanda ake tuhuma, don haka ba duka za a kwafo ba.

Ai mu ba mu da juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko mutum ya yi laifi. Alƙali masani ne, ba zai ruɗu ba.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a bar abin yadda yake, kuma tana da gaskiya a ciki. A Amurka mutanen gari goma sha biyu ne ke yanke ko mutum ya yi laifi, kuma ko an ce musu su yi amfani da tsohon laifi wajen auna gaskiya kawai, zuciya ba ta da irin wannan shinge. A nan alƙali ne shi kaɗai, ya yi karatu, kuma dole ya rubuta dalilansa.

Amma alƙali ma mutum ne, mai tarin fayil a gabansa. A shari'ar da ta tsaya a kan bakin wannan da bakin wancan, ba takarda ba hoto, ɗan abu kaɗan ke karkata ma'auni. Hukunci zai fito a rubuce cewa "ban gamsu da shaidarsa ba", kuma kotun sama ba ta cika taɓa irin wannan ba, don tana cewa alƙalin farko ne ya ga fuskar mai shaida. Ban da haka, ilimin alƙali ba ya hana jama'ar da ke benci ji, ba ya kuma hana labarin isa unguwa kafin la'asar.

To wane gyara ake nema takamaimai?

Masu tsananin ra'ayi cewa suke a bi Montana, a rufe ƙofar duka. Ni ban kai can ba. Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a juya tsarin sashe na 224: maimakon a yi tambaya sannan alƙali ya auna, lauya ya fara neman izini a rubuce, ya nuna takardar hukuncin, ya faɗi yadda ta shafi gaskiyar mai shaida, a yanke wannan kafin a furta komai a bainar jama'a. Laifuffukan da za a yarda da su su zama na ƙarya ne zalla, irin shaidar zur, takardar jabu, damfara da sojan gona. Abin da mutum ya yi yana yaro kada ya shigo. Garkuwar wanda ake tuhuma kuma kada ta faɗi don ya ce an yi masa sharri, matuƙar wannan ce ainihin kariyarsa.

Sai iyakar lokaci, kuma ba sai mun je aro ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana mutum takarar majalisa ko kujerar gwamna idan an same shi da laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe. Ka duba abu biyu da ya yi: ya ware laifin rashin gaskiya daga sauran, ya kuma sa wa'adi. Mutum na iya zama gwamnan jiha shekara 11 bayan hukunci, amma a Dokar Shaida babu ranar da aka rubuta cewa tsohon laifin mai shaidar cinikin fili ya tsufa.

Wannan ba zai cuci wanda ake tuhuma ba, idan shaidan gwamnati ne ke da mugun tarihi?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ke sa masu gyara taka-tsantsan. Wani lokaci babban shaidan gwamnati abokin laifi ne da aka yi wa alkawarin sassauci, ko ɗan rahoton da ke ci daga hannun masu bincike. Wanda rayuwarsa ke kan siratsi dole a bar shi ya tona wannan. Sai dai ka lura, abin da ke da amfani a nan shi ne dalilin da zai sa shaidan ya karkata: yana jiran hukunci, an yi masa alkawari, yana da gaba da wanda ake tuhuma. Wannan son zuciya ne, kuma babu gyaran da ya hana tona shi. Fiƙihu ma ya mayar da shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa da ta mai jawo wa kansa amfani, ko da bai taɓa taka ƙofar kotu ba.

An taɓa kama ni amma ba a yanke mini hukunci ba. Shi ma tsohon laifi ne?

A'a. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Kwana a ofishin 'yan sanda, zaman jiran shari'a, ƙarar da aka kora, babu ɗaya da ya zama hukunci. In an tambaye ka ko kotu ta taɓa samun ka da laifi, "a'a" ita ce gaskiya.

Wanda aka yi wa afuwa fa?

Gwamna na da ikon afuwa a sashe na 212, shugaban ƙasa a sashe na 175. A shari'ar Falae da Obasanjo ta 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce cikakkiyar afuwa tana mayar da mutum sabo, ta wanke shi daga abin da hukuncin ya jawo masa. Amma a bambance: rage wa'adi ko sakin fursuna albarkacin salla ba lallai ne ya zama cikakkiyar afuwa ba. Abin da aka rubuta a takardar shi ne abin dubawa.

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato za ta iya yin wannan gyara?

Dokar Shaida ba a hannunta take ba. Batun shaida yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, don haka sai an bi ta Abuja, ta hannun sanatoci da 'yan majalisar wakilai. An taɓa dokar a 2023, amma gyaran ya fi karkata ga shaidar na'ura da sa hannu ta kwamfuta. Abin da ke hannun jiha shi ne dokoki da ƙa'idojin kotunanta na shari'ar Musulunci, da horar da alƙalai da 'yan sanda masu gabatar da ƙara. Kuma ko ba a sauya harafi ɗaya ba, majistare na iya fara aiki da sashe na 224 da ƙarfinsa tun gobe.

Lokaci ma yana matsowa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi rumbun ajiye tarihin masu laifi a hannun 'yan sanda. A yanzu tsohon hukunci kan ɓace cikin ƙurar fayil, sai wanda ya san ka ne zai tuna. Ranar da komai ya hau kwamfuta, tarar da aka ci mutum a Illela yana ɗan shekara ashirin za ta fito da danna maɓalli ɗaya.

An kira ni shaida mako mai zuwa, kuma ina da tsohon laifi. Yaya zan yi?

Ka je. Ƙin amsa sammaci laifi ne na kansa, ɓoye shaida kuma Alƙur'ani ya hana, kamar yadda ya hana a cutar da mai shaida. Kafin ranar, ka gaya wa lauyan da ya kira ka komai: wane laifi, wace kotu, wace shekara, ko ka amsa ne ko an yi shari'a. Lauyan da ya sani tun da wuri zai shirya ƙin amincewa da tambayar, ko ya fito da maganar da kansa a hankali kafin abokin hamayya ya yi mata ganga. Idan ba ka da lauya, kana iya juyawa ga alƙali ka ce, "Ranka ya daɗe, dole ne in amsa wannan?" Idan ya ce ka amsa, ka amsa a taƙaice, kada ka musa abin da ke rubuce, don musun shi zai mai da tsohon laifin faɗa ya zama sabuwar shaidar zur. In kuwa kotun shari'ar Musulunci ce, ka tanadi mutum biyu da aka yarda da su, kamar limamin masallacinku da wani dattijon unguwa ko shugaban sana'arku, waɗanda suka san zamanka na shekarun nan kuma za su iya zuwa in alƙali ya nemi tazkiyya.